Sandar awo a bakin kogin Isa

Wanda ya ƙetare gadar Kennedy daga cikin birnin Yamai ya sauka a Harobanda, wato ɗaya gaɓar kogin Isa. A nan Lamorde take. Tsohon gari ne na Fulani, amma birni ya yi ta faɗi har ya haɗiye shi, ya zama unguwa. Akwai babban asibiti a wurin. Jami'ar Abdu Mumuni tana kusa. Akwai gonakin shinkafa da garake a gefen ruwa, akwai masunta da jiragensu, akwai mata masu wanki da yara masu wanka.

Ƙasar Lamorde a kwance take, ba ta da tudu sosai. Saboda haka aka yi mata ganuwar ƙasa tsakaninta da kogi, don ta tare ruwa. Mutanen unguwar suna cin arzikin kogi, suna kuma jin tsoronsa.

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara, dogo ne ƙwarai. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 4.200. Daga duwatsun ƙasar Gine ya taso, ya ratsa Mali, ya shigo Nijar, ya wuce Najeriya ya faɗa teku. A Yamai, sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko tana zuwa da damana, a watannin Agusta da Satumba. Ita ake kira jan ruwa, don ruwan yana ɗauke da jar ƙasa. Ƙoramu uku ne manyan masu kawo shi daga wajen Burkina Faso: Sirba da Dargol da Gorwal. Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa. Ruwan da aka yi a Gine ne, wanda ya yi wata da watanni yana tafiya, ya tsaya ya huta a fadamun Mali, sa'an nan ya iso Yamai lokacin sanyi. Baƙin ruwa a hankali yake zuwa, ana ganinsa tun daga nesa. Jan ruwa kuwa ba ya sallama. Yana iya hawa cikin kwana biyu ko uku.

A bakin kogi, a Yamai, an kafa sandunan awo. An zana masu lambobi kamar na abin jan layi da ɗalibi ke aiki da shi a kaye. Tun shekarar 1929 ake duba tsawon ruwa a wurin, ana rubutawa. Ma'aikatan ruwa sun sa iyaka uku. In ruwa ya kai santimita 530, an shiga gargaɗi mai launin rawaya. In ya kai 580, launin lemo ke nan. In ya kai 620, an shiga ja, haɗari ya zo bakin ƙofa.

A shekarar 1985, bayan babban fari, kogin ya daina gudu a Yamai a watan Yuni. Tsofaffi suna tunawa da shi har yau. A 2012 kuma ya haura mita 6, ya ci gidaje. A 2019 ya wuce jan gargaɗi. A farkon Satumba na 2020 ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara awon. Ganuwar Lamorde ta ɓalle. Ruwa ya shiga unguwa, gidajen laka suka yi ta narkewa suna zubewa. Mutane suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Da yawa daga cikinsu a azuzuwan lakwal suka kwana, tsakanin tebur da allo. A wannan shekara, a duk faɗin Nijar, ambaliya ta taɓa fiye da mutum rabin miliyan.

To, ga abin da ya kamata ɗalibi ya yi tunani a kansa. Lambar nan 700 ba daga sama ta faɗo ba. Kafin ita an rubuta 600, an rubuta 650. Lambobin suna nan a rubuce, suna hawa kowace safiya. Tambayar ita ce: wa ya gan su, da wane harshe aka faɗa masa, kuma yaushe?

Inda lambobin ke zuwa

Ba nisa da Lamorde, a kan hanyar jami'a, akwai wata cibiya mai suna AGRHYMET. Sunan ya haɗa abu uku da Faransanci: noma, ruwa, da yanayin sama. An kafa ta a 1974. Dalilin kafa ta shi ne farin da ya addabi Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi da mutane. A 1973 ƙasashen yankin sun haɗu a Wagadugu sun kafa ƙungiyar yaƙi da fari, CILSS, kuma AGRHYMET reshenta ne. Shugabannin lokacin sun gane abu guda: yunwa ta riske su ne ba su shirya ba, don babu wanda ya tattara labarin ruwan sama da na gonaki a wuri ɗaya, da wuri.

Akwai kuma Hukumar Kogin Isa, ABN, wadda ƙasashe 9 suka haɗu a cikinta. Ita ma a Yamai mazauninta yake. Sai ma'aikatar yanayi ta ƙasa da ma'aikatar ruwa. Duk waɗannan suna tara lambobi: ruwan saman da aka yi a kowane gari, tsawon kogi, zafin rana, ranar shuka, halin makiyaya, kuɗin tiyar hatsi a kasuwa.

A dā, a cikin manyan littattafai ake rubuta su da alƙalami. Daga baya aka zuba su cikin kwamfuta. Wurin da ake ajiye su ana ce masa rumbun bayanai, kuma sunan ya dace. Kamar rumbun hatsi ne: ana zubawa kullum, ana ɗiba in buƙata ta zo. A ciki an jera lambobin kamar littafin kiran suna na aji. Kowane layi yana da sunan gari, da kwanan wata, da abin da aka auna. Wani masani ɗan Ingila mai suna Edgar Codd ne ya bayyana wannan tsari na layi da gida-gida a 1970, kuma har yanzu yawancin rumbunan duniya a kansa suke.

Lambobi nawa ne?

Ga lissafi, a ɗauki alli.

In ana duba sandar Yamai sau ɗaya a rana, daga 1929 zuwa 2020, shekara 92 ke nan. 92 sau 365 ya ba da 33.580. Wannan ba shi da yawa. Mutum mai haƙuri zai iya karanta shi cikin ƴan makonni.

Amma yau akwai na'urori masu awo da kansu kowace awa. Na'ura guda tana ba da lamba 24 a rana, wato 8.760 a shekara. A ce akwai 100 irinta, sun yi aiki shekara 30. An sami lamba 26.280.000.

Sa'an nan ga taurarin ɗan Adam. Waɗanda ake kira Meteosat suna ɗaukar hoton gizagizan Afirka daga sama dare da rana. Tun 2004 akwai masu ɗauka kowane minti 15, wato hoto 96 a yini. Daga sanyin saman gajimare masana suke ƙiyasta ruwan da ya zuba, har a dajin da babu ma'auni. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1.267.000 ne. A ce an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kilomita 5 tsawo, 5 faɗi. Za a sami gida 50.680. In kowane gida yana da lambar ruwansa ta kowace rana, a shekara guda an tara 18.498.200. A shekara 40 an doshi miliyan 740. Wanda ya zauna yana karanta lamba ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya yi fiye da shekara 23 kafin ya gama. Kuma Nijar kaɗai ke nan, ruwan sama kaɗai.

Rumbu irin wannan, in babu ƙofa mai kyau, daidai yake da babu. Manomin shinkafa na Lamorde ba ya neman lamba miliyan 740. Amsa guda yake nema: ruwa zai hau gobe, ko zai sauka?

Rahoto mai amsa tambaya

Shekara da shekaru, hanyar fitar da labari daga rumbun ita ce takarda. Ana buga rahoto duk kwana 10 ko duk wata, a aika ofisoshi. Rahoton takarda yana da amfani, amma kurma ne. Abin da marubucinsa ya zaɓa shi kaɗai yake faɗa. In ya yi maganar jihar Tilaberi gaba ɗaya, mai karatu kuwa labarin ƙauyensu yake so, babu yadda zai yi.

Da intanet ta zo, sai aka sami wata hanya. Ana gina shafi wanda ke haɗe da rumbun. Mai dubawa ya buɗe shi a kwamfuta ko a wayar salula. Ya ga taswira. Ya taɓa Yamai, sai lambobin Yamai su fito. Ya zaɓi watan Agusta, sai na Agusta su fito. Ya ce a gwama masa bana da 2020, sai a ja masa layi biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, ya ga wanda ya fi hawa. Shi ke tambaya, shafi na amsawa. Wannan shi ne rahoto mai amsa tambaya.

An riga an yi irinsa a yankin nan. Daga 2018 zuwa 2021 an gudanar da wani shiri mai suna FANFAR, wanda AGRHYMET ta yi tare da ma'aikatar yanayi da ruwa ta ƙasar Suwidin da hukumar ruwa ta Najeriya. Shafinsa yana nuna taswirar Afirka ta Yamma, da launi a kan kogunan da ake hasashen za su cika cikin kwanaki masu zuwa. An kuma yi wani, SLAPIS, don ƙoramar Sirba kaɗai, tare da masana na ƙasar Italiya. An kafa na'urorin awo a Bose Bangu da Garbe Kuru, suna aika tsawon ruwa zuwa shafi. Sirba tana shiga kogi ne a sama da Yamai, don haka abin da ta yi yau ya shafi Lamorde.

Yaya shafi ke samo amsa cikin ƙiftawar ido daga tarin nan? Ba sihiri ba ne. Dabarun magina shafi, duk mai rumbu da duk malamin aji ya san irinsu.

Ta farko ita ce manuni. A ce shugaban lakwal yana da sunayen ɗalibai 600 a warwatse. In uba ya zo neman ɗansa, sai an karanta duka. Amma in an jera sunayen aji-aji, kuma a kowane aji an bi abacada, nan take za a same shi. Haka ake yi wa rumbun bayanai. Ana yi masa jeri na musamman bisa sunan gari da bisa kwanan wata. In an tambayi Yamai, Agusta 2020, kwamfuta ba ta taɓa lambobin Agadas ko na 1975. Kai tsaye take zuwa wurin.

Ta biyu ta fi muhimmanci, ita ce haɗa jimla tun kafin a tambaya. Mai gida da ya san aikinsa ba ya ƙirga zangarniya in an tambaye shi abin da ya noma. Tun ranar girbi ya ɗaure su dami-dami, ya san damin nawa ya sa a rumbu. Magina shafi su ma haka suke yi. Da dare, lokacin da masu tambaya suka yi barci, kwamfuta tana haɗa lambobin awa su zama na yini, na yini su zama na kwana 10, na kwana 10 su zama na wata, na wata su zama na shekara. Tana haɗa na gida-gidan taswira su zama na gunduma, na gunduma su zama na jiha. Da safe, wanda ya nemi ruwan damanar Doso na shekara 40, lamba 40 kawai za a ɗauko masa, ba miliyoyi ba. Zangarniyar tana nan ba a zubar ba. In wani masani yana son ganin awa ɗaya ta wata rana, zai iya kwance damin.

Akwai kuma ajiye amsa. In mutum dubu suka yi tambaya iri ɗaya da safe ɗaya, wauta ce a yi lissafin sau dubu. Ana yin sa sau ɗaya, a ajiye a kusa, kamar yadda mai tuwo ke tuƙa tukunya guda ta yi ta kwasa. Wannan dabara tana da ranarta. Ranar da kogi ya kai ja, kowa zai buɗe shafin a lokaci guda. Shafin da ya faɗi a ranar nan bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba.

Ta ƙarshe, kada a aika wa waya abin da ido ba zai iya gani ba. Fuskar waya ba ta fi tafin hannu ba. Aika mata ɗigo dubu ɗari ɓarnar kuɗin mai ita ce kawai.

Abin da ya kamata magina su kiyaye

Sauri abu ne mai kyau, amma shafi mai saurin faɗin kuskure ya fi takarda haɗari. Mutane suna yarda da abin da suka gani da launi mai kyau a fuskar kwamfuta. Don haka akwai abubuwan da bai kamata a yi sakaci da su ba.

Babban cikinsu shi ne bambanci tsakanin sifili da babu labari. A ce mai duba ma'aunin wani ƙauye ya yi rashin lafiya kwana 5, bai rubuta kome ba. In mai shigar da lambobi ya cike gurbin da 0, sai rumbu ya ɗauka ba a yi ruwa ba. Wataƙila kuwa a kwanakin nan aka yi ruwan da ya fi na kowane lokaci. Da dare kwamfuta za ta haɗa jimla da wannan ƙarya, ta wata ta ɗauka, ta shekara ta ɗauka. Taswira ta shafa wa ƙauyen launin fari, alhali gonakinsa sun sha ruwa. Malamin da ya ba ɗalibin da bai zo jarrabawa ba sifili, ya haɗa shi da wanda ya zo bai san kome ba, ya yi irin wannan zalunci. Shafi nagari yana barin gurbin a fili, ya rubuta: ba a auna ba. Taswira mai ramuka ba ta da kyan gani, amma ta fi gaskiya.

Sai kwanan wata. Dole kowace lamba ta zo da ranarta da awarta, da manyan baƙaƙe, a sama. Santimita 560 na shekaranjiya ba su da amfani ga wanda ruwa ke bakin zaurensa yau. Sun ma fi rashin labari muni, don suna kwantar masa da hankali. Haka kuma a raba abin da aka auna da abin da aka yi hasashe. Awo ya riga ya faru. Hasashe yana iya kuskure, ko da na masana ne. In an ja su da layi iri ɗaya, mai dubawa ba zai bambanta ba, kuma ranar da hasashe ya saɓa zai daina yarda da awon ma.

Lamba ita kaɗai kuma ba ta magana. In an ce wa tsohuwa kogi ya kai 610, me aka faɗa mata? Amma in an ce saura santimita 10 ya kai ja, kuma jiya ya hau da 15, ta gane, za ta fara ɗaure kaya. Masana yanayi suna gwama ruwan kowace shekara da matsakaicin shekara 30, yanzu na 1991 zuwa 2020. Wannan gwami shi ke ba lamba ma'ana. Ya kamata ya zama abin da ido ke fara gani.

Ga kuma maganar harshe. Yawancin shafukan nan da Faransanci ko Ingilishi suke. Injiniyoyi da ma'aikatan gwamnati suna karanta su, kuma daidai ne, don su ke ba da umurnin a ƙara wa ganuwa buhunan yashi ko a kwashe mutane. Amma ruwa gidan masunci yake fara shiga. Mutanen Lamorde da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa suke kwana suke tashi. Rumbun da ke iya haɗa lamba miliyan 740 cikin dare ɗaya ba zai kasa fitar da jimla biyu da waɗannan harsuna ba. Lambobi ba sa canzawa, launi ba ya canzawa. Kalmomi ƙalilan ne za a fassara: ya hau, ya sauka, haɗari, a shirya, a tashi. Aikin bai kai na gina rumbun wuya ba. Abin da ake buƙata shi ne a tuna da shi tun ranar da aka fara zana shafin, tun ran gini ran zane.

Wani zai ce: ai yawancin mutane ba su da intanet, wasu ba su iya karatu ba, me shafi zai yi masu? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Shafi ba zai maye gurbin rediyo ba, ba zai maye gurbin mai unguwa da mai shela da liman ba. Amma su ɗin daga ina za su samo labarin? Mai karanta labarai a Muryar Sahel, in ya sami shafi mai sauƙi da harshen da zai yi magana da shi, ba sai ya jira takarda daga ofis ba. A kowace unguwa kuma akwai saurayi ko budurwa mai waya. Mutum ɗaya ya gani, gida ashirin sun ji. Saboda haka shafin ya zama marar nauyi, wanda ƙaramar waya za ta buɗe ko da layi ya yi rauni, ba tare da ya cinye kuɗin mai ita ba. Hotuna masu motsi da ado a bar wa masu talla.

Wani kuma zai ce: ko an sani, ruwa ba zai fasa zuwa ba. Haka ne. Shafi ba ya tare kogi, ganuwa mai ƙarfi ce ke yi, da daina gini a hanyar ruwa, da shuka itatuwa a kan tudun da suka zama fako. Masana sun nuna cewa jan ruwa ya ƙaru ne har da dalilin sare daji: ƙasa ta yi tauri, ba ta shan ruwa, sai ya gangara gaba ɗaya zuwa ƙorama, ya kwaso yashi ya cika cikin kogi. Amma wannan sanin ma daga ina ya fito? Daga lambobin shekara da shekaru da aka jera aka gwama. Kuma ga iyalin da ke bakin ruwa, yini ɗaya na gargaɗi ba ƙaramin abu ba ne. A yini ɗaya ana fitar da tsoho da jariri da rana tsaka, ba cikin duhu ba. Ana fitar da buhun hatsi, da awaki, da takardun haihuwa, da kayen lakwal.

Rabon ƴan lakwal

A 2024 ambaliya ta sake zuwa, ta taɓa fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar. Tsohon masallacin Damagaram ya rushe a watan Satumba. An ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba, don azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutane na zaune a ciki. Ke nan maganar nan ba ta manya kaɗai ba ce.

Duk girman rumbu, daga hannun mutum ɗaya yake farawa: wanda ya tashi da safe, ya je ya duba, ya rubuta gaskiya. Tauraron ɗan Adam ma ƙiyasi yake yi daga nesa, sai an gwada maganarsa da ma'aunin da ke ƙasa kafin a san ko ya yi daidai. In mai awo ya yi ƙyuya, ya zauna a gida ya ƙago lamba, babu kwamfutar da za ta mayar da ita gaskiya.

Ɗalibi zai iya koyon wannan aiki tun daga aji. Ana samun gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. A kafa shi a kan turke a tsakar filin lakwal, nesa da itace da indararo, inda awaki ba za su ture shi ba. Kowace safiya, a awa guda, ɗalibi ɗaya ya sa abin awo a ciki a tsaye, ya karanta zurfin ruwan da milimita, ya zubar. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. In filin lakwal murabba'in mita 1.000 ne, aka yi ruwa milimita 30, lita 30.000 ce ta zuba a kansa. Yamai tana samun tsakanin milimita 500 da 600 a yawancin shekaru.

A ware kaye guda don wannan. A ja gida huɗu: kwanan wata, awa, milimita, sunan mai awo. Ranar da aka duba ba a sami ruwa ba, a rubuta 0. Ranar da ba a duba ba, a ja ɗan layi a bar gurbin. Duk kwana 10 a haɗa jimla a rubuta da jan alƙalami. A ƙarshen wata a haɗa jimla ukun nan. Da yake damana tana faɗawa cikin babban hutu, sai a raba kwanakin tsakanin ɗaliban da gidajensu ke kusa, kowa ya san makonsa.

A ce wata yarinya ta koma gida da kayen, kakanta ya tambaye ta: «Ke jikanya, bana da bara wace ta fi ruwa?» Ba za ta karanta masa layi ɗari ba. Za ta buɗe shafin jimla ta ce: «Kaka, a Yuli bana ta fi, amma a Agusta akwai kwana huɗu da ba a auna ba, don haka na Agusta bai cika ba.» In aji mai zuwa ya karɓi kayen ya ci gaba, na bayansa ma haka, bayan shekara 6 lakwal tana da nata ƙaramin rumbu. Sai a zana jimlar shekarun a babbar takarda, a manna a bangon aji kusa da taswirar Nijar, a rubuta sunayen watanni da harsuna biyu.